Tukwanen Baba Tunau

Ƙarfe bakwai na safe Tsintsiya ta fara aiki. Na'urori ne ɗari huɗu, kowace girmanta kamar ƙwarya, suna rarrafe a ƙasan teku da ƙafafu shida. Duk abin da suka taɓa sai su tantance shi. In halitta ce su wuce, in ƙirar hannun mutum ce su ciccibe ta zuwa ragar jirgi. Leda, taya, kwalba, tsohuwar waya, ba sa barin ko murfin biro.

Injiniya Zulai ce ta ƙera ta, domin birnin Tudun Gishiri, wanda aka gina bisa ginshiƙai bayan teku ya cinye tsohuwar gaɓa. Kafin a sake ta, sai da aka yi wata guda ana shela cewa duk mai ajiya a ƙarƙashin ruwa ya zo a sa wurinsa a taswira. Masu bututu sun zo, masu wayoyin lantarki sun zo. Baba Tunau, shugaban masu nutso, yana zaune a taron ya yi gum da bakinsa.

Shi Basarke ne, jikan masuntan Yauri, kuma a gidansu ba a faɗa wa kowa inda aka nutsar da tukwanen kifi, ko da ɗan ɗaki ɗaya ne. Shekara talatin da suka wuce, da zafin ruwa ya kashe murjanin gaɓar, halittar nan mai kama da dutse da ƙananan kifi ke fakewa a jikinta, ya ɗauko dabarar kakanninsa. Ya nutsar da tukwanen ƙasa bayan wani dutse, ya ɗaure guntayen murjanin da suka tsira a jikinsu. Tukwanen sun kai ɗari shida, kuma su kaɗai ne murjani mai rai a duk yankin. A lissafinsa, na'ura ba za ta gano wurin da ya gagari 'yan gulma ba.

Ran nan ya goya tulun iskarsa ya sauka kamar kullum. Tun daga nesa ya ga ruwan ya yi duhu da ƙura. Tsintsiya ta riga shi. Tana ɗaga tukunya, ta karkaɗe murjanin da ke jikinta saboda shi halitta ne, ta tafi da kaskon. Ƙaguwa da ƙananan kifi sai watsewa suke.

Ya danna na'urar magana da ke cikin gilashin fuskarsa. "Injiniya, tsayar da kayan nan naki! Suna kwashe mini gona."

"Wace gona kuma, Baba?" in ji Zulai daga jirgi. "Taswira ta nuna yashi ne a wurin."

"Tukwanena ne. Murjani ne a kansu."

"Innalillahi. Baba, sau nawa na tambaya? Ba sa karɓar sabon umarni sai sun hau caji, kuma saura minti arba'in. Iskarka fa?"

"Ta ashirin."

"To ka hau, don Allah. Tukunya ba ta kai ranka ba."

Baba Tunau bai hau ba. Ya nufi tukunya ta farko da ya taɓa nutsarwa, wadda matarsa Tabawa ta gina da hannunta kafin ta rasu, ya rungume ta. An hana Tsintsiya taɓa mai nutso, don haka na'urorin suka kewaye shi suka tsaya, suna jiran ya saki. Sauran kuwa suna ta aiki. Yana kallo aka kwashe aikin shekara talatin cikin kwata ɗaya na awa, ba hayaniya, ba kuskure ko ɗaya. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba tun ranar jana'izar Tabawa, kuma ya san rabin laifin nasa ne.

Da agogon iskar ya fara ƙara, ya taso a hankali da tukunyar a ƙirji, yana tsayawa a hanya kamar yadda ƙa'idar nutso ta ce. Bai fitar da ita daga ruwa ba, gudun kada rana ta kashe murjanin. Ya kama tsanin jirgi da hannu ɗaya. Wasu 'yan kifi masu ratsin rawaya sun biyo shi har sama, suna zagaye bakin tukunyar, don ba su da wani wurin komawa.

Zulai ta leƙo, idonta ya yi ja. "Nawa suka rage?"

"Ga ta nan."

"Da ka faɗa mini, Baba."

"Da ke ma kin sauka kin duba, 'yata," ya ce. "Ɗauko taswirar taki. Yau zan faɗa."

Ta juya wajen allon don ta buɗe taswira. A daidai lokacin Tsintsiya ta aiko da rahotonta, da koren rubutu mai nuna nasara. An tsabtace gaɓar Tudun Gishiri gaba ɗaya. Saura shara guda, tana hannun mai nutso.