Gida na Huɗu a Talabijin

Da niyyar zagi Selina ta shiga shagon. Tun daga Gumel har Maigatari, tana matse a bayan mota, take tsara maganganun da za ta yaɓa wa mai shagon gem, wato wasan talabijin ɗin da ya raba ta da yayanta Moses. Ranar wata Alhamis ta kasuwa Moses ya hau babur zai zo nan, babbar mota ta kaɗe shi a hanya. Ita tana makarantar koyon jinya a Jos a lokacin, ko gawarsa ba ta gani ba.

Ta ɗaga labule. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, janareto na kuka a baya, maza uku a kan benci sun zuba wa talabijin ido. Fuskar talabijin ɗin ta rabu gida huɗu. A gida uku ana ta gudu ana harbi, ba a ganin mai wasan, sai hannunsa da bakin bindiga. Gida na huɗu kuwa ba ya motsi, bango kawai yake kallo.

A ƙarshen bencin an bar gurbin mutum ɗaya. Fad, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, yana ajiye a wurin a kan farin hankici.

Wani dogo mai ramammiyar fuska ya waiwayo. Yana ganinta nasa fad ɗin ya suɓuce ya faɗi.

"Ke ce Selina," ya ce a hankali. "Goshinku ɗaya da shi."

"Kai ne Nehemiya, mai shagon?" Ta nuna hankicin. "Wancan na wane ne?"

"Na Moses ne. Kullum muna jona masa. Duk inda wasan ya ajiye shi nan yake tsayawa, kuma ba mai harbinsa. Dokar shagon nan ce."

Zagin da ta yi dakonsa tun daga Gumel ya zube nan take. Ta zauna a gurbin yayanta, ta yi kukan da ba ta samu yi a gida ba.

Alhamis ta zagayo, sai ga ta. Ta gaya wa kanta tambaya ɗaya ta kawo ta, amma fa sai da ta canza ɗankwali sau biyu kafin ta fito.

"Me ke cikin abin nan da har mutum zai taso daga Gumel dominsa?"

Nehemiya ya gyara zama. In ana maganar gem, kunyarsa guduwa take yi.

"Sauran wasannin, daga waje kike kallon ɗan mutum kamar 'yar tsana. Wannan kuwa cikin idonsa ake saka ki. Da can sai a kwamfuta ake samun irinsa mai kyau, kowa da tasa. Wannan ne ya zaunar da mutum huɗu a benci ɗaya, gaban talabijin ɗaya. Kuma ba harbi kaɗai ba ne, akwai laɓewa, akwai hange daga nesa. Ki rubuta ki ajiye, duk waɗanda za a ƙera nan gaba shi za su kwaikwaya."

Siddiq, mai awon gero a kasuwa, wanda shi da Manu direba ne sauran 'yan bencin, ya sa baki. "Ƙanwata, bar dogon bayaninsa. Kin san in'inar Moses. To a nan take sakinsa. In ya kama Manu a lungu, dariyarsa har bakin titi."

Selina kuwa rabonta da jin dariyar Moses tun rasuwar mahaifiyarsu.

Ranar da ta fara ɗaukar fad ɗin, ta tura 'yar sandar da ke jikinsa da yatsa, gida na huɗu ya juya daga bango. Manu ya yi salati da ƙarfi. Nehemiya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ci gaba."

Ta ci gaba kuwa. Kafin damina ta fita ta ƙware, kuma ba wanda take kashewa kamar mai shagon. In an tashi ya raka ta tasha, ya saya mata balangu a takarda.

"Zinariya, yau ma kin gama da ni," yakan ce, da sunan da ya laƙaba mata.

"Mai gem da bai iya gem ba. Ka ji kunya."

"In ke ce za ki kashe ni, a sake kunnawa."

Tana hawa mota tana murmushi ita kaɗai. Son shi take yi, kuma ta daina ɓoye wa kanta.

A gida kuwa ba a murmushi. Mahaifinta, Baba Ɗantala, ma'aikacin gwamnati ne da aiki ya kawo shi Gumel daga Filato tun ba a haife su ba. Ya kulle ɗakin Moses ya riƙe mabuɗin. Duk yamma in ya ji ƙarar babur sai ya miƙe ya nufi ƙofa, sannan ya tuna, ya dawo ya zauna.

Da labarinta da mai shagon ya iske shi, ko ɗaga murya bai yi ba. "Wurin da ya ci mini ɗa, shi kuma zan ba 'yata? Ga Chris nan, ɗan cocinmu, ma'aikacin kwastan. Shi na sani."

Chris ba mugu ba ne, amma ya san inda zai taɓa. Wata Lahadi bayan sujada ya tare ta.

"Selina, ba ke yake gani ba. Abokinsa ya rasa, sai ga mai kama da shi ta zo ta zauna a gurbinsa, ta ɗauki abinsa. Fatalwa yake so, ke kuma kin ba ta aron fuska."

Ta murguɗa baki ta wuce, amma maganar ta bi ta har gida ta kwana da ita.

Alhamis ɗin da ta biyo, wasa ya yi zafi, Manu ya lallaɓo ta bayanta. Nehemiya ya yi ihu bai sani ba: "Moses, bayanka!"

Selina ta ajiye fad ɗin a kan hankici, gida na huɗu ya tsaya cak. Ta ɗauki jakarta ta fita, yana kiranta ba ta waiwaya ba.

Ta daina zuwa, ta kuma daina cin abincin kirki. In ta rufe ido bangon nan take gani. In ta duba madubi goshin Moses take gani, har ta fara tambayar kanta ko akwai wanda ya taɓa kallonta ita kaɗai. Siddiq ya zo Gumel sayen buhuna, ya miƙa mata 'yar takarda daga Nehemiya: "Zinariya, na yi kuskuren baki. Ki ba ni dama ɗaya in yi magana. Bencin ya yi mana faɗi."

Ta ninke takardar ta ajiye, Siddiq ya koma haka nan.

Baba Ɗantala ya ga 'yarsa na ramewa, ya ce abin ya isa. "Tashi mu je. A gabana za ki sallami mai gem ɗin nan, kowa ya huta."

Da rana tsaka suka shiga shagon. Mazan uku suka miƙe suka rusuna, suka bar wasan a kunne. Tsohon ya zo da faɗa a bakinsa, sai idonsa ya sauka a kan hankicin. Ya gane shi. Na matarsa ne, Moses ke yawo da shi a aljihu.

"Me ɗana yake samu a nan?" ya tambaya.

"Baba, mu yake samu," in ji Siddiq. "A nan ba mai gaggawar ƙarasa masa magana."

Nehemiya ya ɗauki fad ɗin da hannu biyu ya miƙa masa. "Baba, abin da ke cikin gidan nan na ƙasa, shi ne abin da idonsa ke gani."

Tsohon ya zauna. Ya sa babban yatsansa ya tura 'yar sandar fad ɗin. Bangon ya zame gefe, sai ga dogon zaure, ga wani mutum can a tsaye yana fuskantarsa, bindigarsa shiru. Na Nehemiya ne. Ashe kullum kusa da abokinsa yake zuwa ya tsaya.

Baba Ɗantala ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe ba shi kaɗai yake ba," ya ce. Ya share fuska. "To amma ya isa haka, 'ya'yana. Na kulle shi a ɗaki, ku kun tsayar da shi a bango. Ku bar yarona ya huta."

Nehemiya ya durƙusa gaban na'urar. Sai da ya kai hannu ya janye, sannan ya cije ya zare wayar fad ɗin Moses.

Selina ta tako gabansa. Ta san mahaifinta na ji, amma ba ta iya haɗiye tambayar ba.

"Ni fa? Wa kake gani in na zauna nan?"

"Moses bai taɓa leƙen gidan wani ba," ya ce. "Ke kuwa ɓarauniyar kallo ce. Kullum idonki na kan gidana, ki ga inda na ɓoye ki zo ki harbe ni."

Ta zaro ido. "Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ni ai ba talabijin nake kallo ba, Zinariya. Shi ya sa kike ta kashe ni."

Manu ya fashe da dariya. Baba Ɗantala ya kau da kai kamar bai ji ba, sannan ya miƙe ya naɗe hankicin ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Ka turo manyanka."

A watan Disamba na 1999 aka ɗaura auren a cocinsu na Gumel. Siddiq ya kawo buhun gero, Manu ya yi ta jigilar baƙi daga Maigatari yana rantsuwa shi ne ya haɗa auren. Baba Ɗantala ya buɗe ɗakin Moses aka sauke baƙi a ciki. Ya ɗora hannu a kan amarya da ango ya ce, "Ubangiji ya ba ku zaman lafiya, ya cika gidanku da dariya." Jama'a suka amsa da amin.

Bayan biki suka koma shagon wata Alhamis. Manu ya tafi lodi, sai aka jona fad uku kawai. In mutum uku ke wasa, gida na huɗu baƙi yake zama. Selina ta kai ido wurin kamar yadda ta saba. Ba bango a ciki. A cikin baƙin gilashin fuskarta ce, da lallen amarci a hannunta, ga kuma ta mijinta a gefe, ya juyo yana kallonta.

"Mai gem," ta ce, "kalli gabanka, zan harbe ka."

"Harbe ni," ya ce, bai ɗauke idonsa ba.