Fim Ɗin da Rediyo Bai Gani Ba

Wallahi ba za ku yarda da wannan labarin ba. Ku dai gyara zama. In na kai ƙarshe, mai ƙaryatawa ya ƙaryata.

Akwai wani yaro ɗan aji biyar, ana ce masa Rediyo. Ba sunansa na yanka ba ne. Bakinsa ne ya jawo masa. Rediyon gaske ma yakan yi shiru in batir ya ƙare. Shi kuwa nasa batir ɗin ba ya ƙarewa.

Ummansa tana aikin shara a gidan silima. Kullum in an tashi daga makaranta, can yake zuwa ya jira ta. Yakan zauna a kan benci a dogon baranda, kusa da bokitinta. Wurin da sanyi mai daɗi. Ga ƙanshin gugguru. Ga hotunan finafinai jere a bango, kowanne da 'yar fitila a kansa.

Ba a barinsa ya shiga ɗakin kallo. Sai dai in an buɗe ƙofa ya jiyo kiɗa, a sake rufewa. Shi kuma sai ya lumshe ido, ya ƙarasa sauran fim ɗin a cikin kansa.

To, lokacin nan ne na shekara da ake ba finafinan da suka fi kyau kyauta. Ko'ina zancen ke nan, daga talabijin har shagon aski. Wane fim ne zai ɗauki kofi? Manyan finafinai kuma a lokacin ake sakin su. Akwai guda ɗaya da kowa ya ƙosa ya gani. Masu shi sun ɓoye komai, har sunansa. Hotonsa ma da aka kafa a baranda, an rufe shi da takarda ruwan ƙasa. An rubuta a jiki: SAURA KWANA GOMA SHA BIYU.

Wata rana Rediyo ya lura gefen takardar ya ɗan ɗaye daga ƙasa. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya sa yatsa ya ɗaga.

Abu uku kawai ya gani. Jan takalmi ƙafa ɗaya. Ƙafar tsani. Sai shuɗi, shuɗi mai zurfi kamar sama bayan ruwa ya ɗauke.

"Kai! Sauke hannunka," in ji Umma daga bayansa. "An ce ko ƙuda kada ya sauka a kai."

Ya sauke. Amma takalmin nan ya bi shi har gida. Yana cin abinci yana ganinsa. Yana wanke kwano, takalmin yana hawa tsani, mataki ɗaya, mataki biyu, har ya shige cikin shuɗin.

Washegari da aka kaɗa ƙararrawar hutu, yara suka taru a gindin bishiya suna gardama.

Dogo, wanda ya fi kowa tsawo a ajin, ya ce, "Fim ɗin faɗa ne. Yayana ya ce har jirgi za a fasa."

Wata yarinya da ake kira Mai Tabarau ta ce, "Yayanka bai sani ba. Babu wanda ya sani."

Rediyo ya yi miƙa, ya yi hamma irin ta manya.

"Ni fa na gani," in ji shi.

Duk suka juyo suka dube shi.

"Ƙarya kake!" in ji Mai Tabarau.

"To shi ke nan. Ai Ummata ce ke riƙe da makulli. Ta buɗe mini, na zauna ni kaɗai a kujerar gaba, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya."

Ummansa makullin ɗakin tsintsiya kawai take riƙewa. Amma wa ya sani?

"Faɗa mana mana!" in ji Dogo.

Rediyo ya lumshe ido. "Wata yarinya ce mai jan takalmi. Ta tsinci tsani a bayan gidansu. Ba a ganin ƙarshensa. Ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har gidaje suka koma kamar akwatin ashana. Da ta kai saman gajimare, sai ta tarar da wata tsohuwa tana wanke taurari a baho. Ashe da rana ake wanke su, a shanya a igiya, su bushe kafin magariba."

Babu wanda ya motsa. Har aka kaɗa ƙararrawa ba su ji ba.

Daga ranar, gindin bishiyar nan ya koma gidan silima. Kullum sai Rediyo ya ƙara wani yanki. Ran Talata tauraro ɗaya ya faɗi daga igiya. Ran Laraba yarinyar ta bi shi a bayan wani farin tsuntsu. Yara suna kallon sama baki buɗe, kamar za su hango igiyar. 'Yan aji shida ma suka fara zuwa. Dogo ya zama mai ɗaukar masa jaka.

Mai Tabarau ce kaɗai ke tambaya. "Jiya ka ce tsuntsun fari ne. Yau kuma kore?"

"Ya faɗa cikin bahon ne," in ji Rediyo, ko gezau.

Saura kwana huɗu a saki fim, ya isa gidan silima yana fito. Bai tarar da Umma a baranda ba. Bokitinta na nan, tsintsiyarta a yashe a ƙasa. Mai sayar da tikiti ta yi masa nuni da ofishin manaja.

Ƙofar a ɗan buɗe take. Ya leƙa. Umma na tsaye, ta haɗa hannuwa a gaba.

Manaja yana cewa, "Wani saurayi ya zo yau. Wai shi ma a buɗe masa ya kalla, kamar yadda mai shara ta buɗe wa ɗanta. Wai ƙanensa ne ya faɗa masa, duk makaranta an sani."

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ba. Ni ko ƙofar ɗakin injin nuna fim ban taɓa riƙewa ba."

"Shekara shida ban taɓa kama ki da komai ba. Amma masu fim sun ce duk gidan da ya bari aka gani kafin lokaci, za su janye abinsu. In zancen nan ya kai kunnensu fa? Ki ajiye rigar aiki tukuna, sai na bincika."

Rediyo ya ja da baya daga ƙofar. Bai taɓa jin muryar Umma tana rawa haka ba. Ya tuna yadda take goge rigar nan kowace safiya, tana 'yar waƙa.

Zai iya komawa benci ya yi kamar bai ji ba. Ƙafarsa ma har ta juya. Amma sai ya dawo ya tura ƙofar.

"Yallaɓai, ni ne. Ƙarya na yi. Ban ga komai ba."

Manaja ya dube shi ta saman tabarau. "Kowane ɗa haka zai ce don ya ceci uwarsa. Da me zan gane yanzu ne kake faɗin gaskiya?"

Rediyo ya buɗe baki. A karon farko a rayuwarsa, babu abin da ya fito.

"To," in ji manaja. "Ni na kalli fim ɗin a taron manajoji. Ba ni labarin da ka ba abokanka. Duka. Kada ka rage."

Rediyo ya fara da ƙaramar murya. Ya faɗi tsani. Ya faɗi tsohuwa da bahonta. Ya faɗi taurari a igiya, ruwa yana ɗiga daga jikinsu. Manaja ya ajiye bironsa. Da aka zo wajen tsuntsun da ya koma kore, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Can ya fashe da dariya har da buga tebur.

"Taurari a baho! Yaro, babu ko tauraro ɗaya a fim ɗin nan. Babu yarinya. Babu tsuntsu. Daga ina ka samo wannan?"

"Gefen takardar na ɗaga. Na ga takalmi da tsani da shuɗi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, yallaɓai."

Manaja ya share hawayen dariya. Ya dubi Umma. "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Koma bakin aikinki. Wanda ya ga fim ɗin ba zai iya yin kuskure mai yawa haka ba." Sannan ya haɗe fuska ya nuna Rediyo. "Kai kuma, mako biyu za ka yi kana tsince takardu a baranda bayan makaranta. Gobe kuma ka je ka kwance abin da ka ƙulla."

A hanyar gida Umma ba ta yi masa faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Sai da suka kusa ƙofa ta ce, "Ka san me ya fi yi mini ciwo? Da sunana ka yi adon ƙaryarka."

"Ki yafe mini, Umma."

"Na yafe. Amma gobe ba ni za ka gaya wa ba."

Da safe ya nemi izinin Malama, ya tsaya a gaban allo.

"Ban ga fim ɗin ba," in ji shi. "Ummata ba ta buɗe mini komai ba. Duk daga kaina na fito da shi. Saura kaɗan a kore ta daga aiki saboda ni."

Aji ya kaure.

"Kwana takwas ina ɗaukar maka jaka!" in ji Dogo. "Sai ka ɗauki tawa har ƙarshen zango!"

"Na yarda."

Malama ta ɗaga hannu, aka yi shiru. Ta ce, "Ku saurara. Ƙirƙirar labari ba laifi ba ne. Baiwa ce. Laifin shi ne ka ce ya faru alhali bai faru ba. Ƙarya ba ta tsayawa a kan mai yin ta. Takan je ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kun gane?"

"Mun gane, Malama!"

Rediyo ya juya zai koma kujerarsa, kansa a ƙasa. Sai Mai Tabarau ta ɗaga hannu.

"Malama, ni tun ranar farko na san ƙarya ce." Ta gyara tabarau. "Amma don Allah, yarinyar nan ta kamo tauraron kuwa?"

"E, ta kamo?" in ji wani daga baya.

Malama ta danne dariya. Ta duba agogo. "Saura minti biyar. Dawo nan. Amma ka fara da gaskiya."

Rediyo ya dawo gaban allo. Ya goge ido da bayan hannu. Ya ja numfashi.

"Wannan labarin," in ji shi, "ni na ƙirƙira shi."

"Mun ji!" in ji Dogo. "Yi sauri, jakata na jiranka."