Kifin Da Ƙuda Ya Ƙi

Ranar kasuwar Gwandu ce, da bazara, ba a daɗe da ba mu Jihar Kebbi ba. Lawali ya shiga rumfar masu kifi da jaka a kafaɗa. Ɗan Kalgo ne, ma'aikacin wata ƙungiya mai zaman kanta a Birnin Kebbi, Ƙungiyar Kare Mai Saye da Muhalli. Aikinsu duba abin da ake sayar wa talaka da ruwan da yake sha. Ba su da ikon kama kowa, baki kawai gare su da ƙafa.

Kowane faifan kifi ƙuda ya rufe shi, ban da guda ɗaya. Banda ce mai kyau, amma ƙuda na zuwa kusa sai ya kauce.

"Malam, kifin kake kallo ko mai kifin?"

Ya ɗaga kai. Budurwa ce doguwa, tana dariya da ido.

"Don kifin na tsaya," in ji shi. "Yanzu kam ban sani ba. Mi ne sunanki?"

"Zulai, ɗiyar Bawa masunci, daga Masama. Kwanan nan Baba ko taru ba ya jefawa. Kifi da kansa yake tasowa."

Gaban Lawali ya faɗi, kashi biyu: ɗaya don kifin, ɗaya don ita.

Washegari da tsakar rana ya isa tafkin Masama. Tsit. Ba kwaɗo, ba tsuntsu. Ruwan ya kwanta kamar mai, kifaye sun juya farin ciki sama, ga belbela a mace bakin gaɓa, tururuwa ma ba ta taɓa ta ba.

Ya ciro kwalba ya cika, ya murɗa murfi. Matan da ke wanki suka yi salati.

Baƙo ne, bai sani ba. Tun kakanni ba a rufe bakin mazubi a gaɓar wannan tafki. Da ƙwarya buɗe ake ɗiba, don kada a kulle ɗaya daga masu ruwa, wato iskokin tafkin, a ciki. Yaran yanzu sai su yi dariya. Mutanen Masama ba su yi ba.

Lawali ya aika da kwalbar Sakkwato a auna, ya roƙi Zulai ta daina sayar da kifin, shi kuma ya zama ɗan hanyar Masama. Da la'asar sukan zauna a zaure.

"Mai Kwalba, yau mi ka zo aunawa?"

"Zuciyarki, sanyin idona."

"Wannan ba ta shiga kwalba."

Ana haka tafki ya ƙarasa mutuwa. Shanun Fulani da suka sha suka kama rawar jiki, yara suka yi ta amai. Sai Atiku ya samu abin faɗi. Ɗan kasuwa ne mai sayar da galan na hannu, ya daɗe yana neman Zulai tana kaucewa.

"Kyauta ruwa ke yi mana kafin wanga yaro ya zo," in ji Atiku a majalisa. "Ya tafi da mai ruwa a kwalba, ga sakamako."

Da magabatan Lawali suka zo neman aure, Bawa ko tabarma bai shimfiɗa musu ba.

"Ku gaya mishi ya maido abin da ya ɗauka. Ban ba da ɗiyata ga wanda ya kashe mana ruwa."

Ita ma Zulai zuciyarta ta yi rawa. Ta aika ƙawarta Jummai, wadda ke aure a Kalgo, da tambaya ɗaya: mi ka kulle a kwalbar nan? Jummai ta dawo da kaset ƙunshe a gyale. Zulai ta shiga ɗaki ta sa a rediyo, ta rage murya.

"Salamu alaikum, Zulaina. Na yi kuskure da na rufe kwalba ban tambayi al'adar garinku ba, ki ba Baba haƙuri. Amma wallahi ruwa kaɗai na ɗauka. Awo ya fito: maganin ƙwarin gona ne, mai tsananin guba. Wani abu na kai shi tafkin. Ki duba ko kin taɓa ganin mazubi mai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ko ba ki aure ni ba, kada ki sha ruwan nan. Ki rayu, shi ne nawa. Mai Kwalbarki."

Kaset ya ci gaba da huci. Zulai ta ɗaga ido a hankali.

A kusurwar ɗakin an jera galan masu ruwan ɗorawa har kusan rufi. Atiku ne ya yi ta kawo wa mahaifiyarta Hajjo don neman shiga, ita kuma tana tara mata na zuba mai da manja a gidan miji. Daga jikin kowanne, ƙoƙon kai na kallonta da ramukan idanu. Sai lokacin ta tuna, rabon da ta ga tsaka ko kyankyaso a ɗakin nan tun zuwansu.

Ta samu Hajjo a madafa.

"Inna, ina kike wanke galan ɗin nan?"

"Tafki mana. Wani farin abu ke fita kamar nono. Har murfinsu nake barowa gida don kada in saɓa wa masu ruwa. Mi ya faru?"

Zulai ta gaya mata. Muciya ta faɗi daga hannun Hajjo.

"Ni? Ni da nake tara miki?"

"Inna, in kin ce in yi shiru zan yi. Sai dai mu ɗauke galan ɗin, laifin ya zauna kan Lawali."

Hajjo ta miƙe.

"Ban haife ki don ki yi mini wanga rufi ba."

Ta ɗauko galan ta dire gaban Bawa, ta faɗi komai. Bawa ya karɓi galan ɗin. Ya zuba ruwan rijiya a ciki ya girgiza, ya juye a ƙwarya, ya kamo 'yar tarwadar da yake kiwo a randa ya saka. Ta zaga, ta zaga, sai ta juya ciki sama.

Da aka kira Atiku, rantsuwa ya yi ta yi cewa a wata babbar gona ya sayo su, an ce mishi wankakku ne. Daga ranar bai ƙara bin ƙofar gidan ba.

Bawa da kansa ya aika Kalgo. Lawali ya zo da kwalbar da ya karɓo daga Sakkwato, ya durƙusa bakin tafki ya buɗe murfinta gaban kowa. Dattijon ya gyaɗa kai.

"Ka biya naka, yaro, mu ma za mu biya namu. Ranar da kwaɗo ya yi kuka a nan, na ba ka Zulai."

Ƙungiya ta bi kasuwanni daga Dodoru zuwa Malisa har Kalgo tana karɓe galan, ana shela a rediyo. Hajjo ce ke shiga gidaje tana nuna wa mata hoton, ba ta ɓoye nata kuskuren ba.

Damina ta sauka, tafki ya cika ya tumbatsa, amma shiru. Kullum da yamma Zulai na tsaye a gaɓa. Sai ran nan, dab da kiran magariba, daga cikin ciyawa wata 'yar murya ta ce ƙwar. Ta tsaya. Wata ta amsa daga can ƙetare.

Da gudu ta shiga gida, ɗankwali a hannu.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Jeren amarya tukwane ne da ƙore, ba galan ko ɗaya. Da aka kawo wa ango tuwo da miyar kifi, sai ga ƙuda ya sauka bakin akushi. Lawali ya ɗaga hannu, Bawa ya riƙe shi.

"Bar shi ya ci. Shi ya fara gaya maka gaskiya."

Allah ya sa albarka a wannan aure, ya ba su zuri'a mai jin magana, ya bar mana ruwanmu da hayaniyarsa. Amin.