Biyar, Uku, Biyu

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya ba, a ɓoye ma nake yi.

A wani gari an yi wani dattijo mai kula da injin haɗa abincin kaji. Injin yana da mazurari uku, kowanne da 'yar ƙofarsa. Dattijo ne ke daidaita zubar: masara kashi biyar, waken soya uku, dusa biyu. Kullum biyar, uku, biyu.

Rannan mai injin ya ce, "Malam, ɗan rufe ƙofar waken, ka buɗe ta dusa. Kaza ta san lissafi ne?"

Dattijo ya ce, "Alhaji, kaza ba ta sani ba, amma ƙwai ya sani."

"To ni da kaza, wa ya ɗauke ka aiki?"

Dattijo ya bar ƙofofin yadda suke. Da la'asar aka sallame shi.

Wanda aka kawo a madadinsa ya buɗe dusa har ƙarshe. Ba a yi wata ba, kajin garin suka daina ƙwai. Da mata suka zo ƙorafi, Alhaji ya ce ai tsohon nan ne ya ɓata haɗin, shi ya sa ya kore shi.

Yanzu ko gaisuwar dattijon ba a amsawa. Yana zaune a zaure kullum, yana auna wa kajinmu, wato kajinsa, biyar, uku, biyu. Su kaɗai ke ƙwai a layin, mutane kuma suna cewa ka gani, haɗin mai kyau ya ɓoye wa kansa. Ga Umma can tana kirana, wai in kai wa Baba abinci a zaure.