Duwatsun Takarda

Tas!

Ƙarar marin ce ta sa Keziya sakin robar sitacin da ke hannunta, ta fito daga ajin yara a guje, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

A gindin mangwaron harabar coci ta same su. Yayanta Abraham na tsaye yana huci, Dallatu na gabansa, shatin yatsu uku kwance a kumatunsa. Uku, don ukun ne suka rage a hannun daman Abraham.

"Rama mana!" Abraham ya daka masa tsawa. "Ba kai ne Kuran Zuba ba? Rama mu ga sabon mutumin da ake cika mana kunne da shi!"

Keziya ta ga jijiyar wuyan Dallatu ta miƙe, ta ga hannunsa ya dunƙule. Ta faɗa tsakaninsu, ta cafke hannun nan da nata biyu.

"Dallatu, ni za ka duba... ni, ba shi ba!"

"Sake ni, Kezi."

"Ba zan sake ba! Saura kwana tara, masoyi. Tara kacal..."

Dallatu ya dube ta. Ya runtse ido, ya ja numfashi, a hankali yatsun suka saki.

"Yi haƙuri, Yaya Abraham," ya ce.

Abraham ya tofa masa yawu a gaban riga, ya nuna ƙanwarsa da hannun nan nasa. "Ke kuma mara kunya, ki same ni a gida!"

Ba a banza Abraham ke wannan zafin ba, gaskiya dai gaskiya ce. Shekara uku da suka wuce yana lodin lemo a kasuwar Zuba, Dallatu kuma shi ne shugaban ƴan daban tasha. Rigima ta ɓarke a kan layin mota, Dallatu ya zaro adda, yatsu biyu suka faɗi a ƙasa. Dallatu ya yi wata goma sha takwas a gidan yari. Can Fasto ya riƙa kai masa ziyara, da ya fito kuma, duk cocin da ke Abuja bai ga na zuwa ba sai wannan ɗan ƙaramin na bayan sitocin Idu, mai mutum arba'in da ɗoriya, inda uban wanda ya nakasa yake babban dattijo.

Ya durƙusa ya roƙi gafara a gaban jama'a. Aka nuna masa bencin baya, bencin horo, inda mai laifi ke zama shi kaɗai har dattawa su gamsu da tubansa.

To ita zuciya ina ruwanta da benci? Ya zo gyara rufin ajin yara da ke yoyo, Keziya ta lura ko sunansa da ƙyar yake haɗawa, ta fara koya masa karatu. Daga baƙi da wasali aka zarce inda ba a shirya ba.

Ranar da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Baba Filibus, bai ɗaga murya ba.

"In ya cika shekara bai ɗaga wa kowa hannu ba, a yi masa baftisma ƙarshen Agusta, ni da kaina zan yarda a karanta sanarwar aurenku. In ya ɗaga ko sau ɗaya, ke da shi har abada."

Ya faɗi haka ne don ya tabbata kura ba ta shekara ba ta yi cizo ba. Sai ga shi saura kwana tara.

Da yamma tana shiga gida Abraham ya damƙo ta, ya haɗa ta da bango har kanta ya bugu.

"Dubi hannuna! Na ce ki duba!"

"Na gani, Yaya... wallahi kullum ina gani."

"Wanda ya yi min wannan za ki haifa wa ƴaƴa? Su riƙa ce min kawu?"

"Ya tuba, Yaya!"

"Tubansa zai tsiro min da yatsu?"

Ya zare bel ɗinsa, ya zuba mata biyu a gadon baya kafin Baba ya fito daga ɗaki.

"Abraham! Ajiye."

Ya ajiye. Baba ya dubi ƴarsa tana kuka a durƙushe, ya ce, "Alkawari na yi, ba zan karya ba. Amma kar ki ɗauka ina murna." Ya koma ciki ya ja labule.

Ta yi kuka har ta gode Allah. Tana son yayanta, tana son Dallatu, kuma ta rasa yadda za ta sa su a zuciya ɗaya ba su yaga ta ba.

Shi dai hutun damina a wannan coci ba hutu ba ne. Da safe ajin yara, waƙa da haddar ayoyi. Da rana matasa su share unguwa, su kai wa marasa lafiya ziyara. Laraba azumi da addu'a. Ranar Asabar ta ƙarshe kuma sai wasan Mai Fitila, wanda ba a taɓa fashinsa ba tun kafa cocin.

Labarin mai bisharar da ya fara zuwa ƙauyen kakanninsu ne. Mutanen gari suka jefe shi a bakin rijiya, bai rama ba, sai addu'a yake musu. Sarkin gari ne ke jefa dutsen ƙarshe, sannan ya durƙusa ya tuba, kuma babban dattijo ne kullum ke fitowa a sarki. Duwatsun na takarda ne. Yaran ajin Keziya ke dunƙula su da takardar buhun siminti da sitaci, a shafe da toka, a shanya. Jinin kuma zoɓo ne, ana ƙulla shi a ƴar leda a ɓoye cikin hular Mai Fitila, ya matse in jifa ta yi jifa.

Mai shirya wasan bana Fortune ne, shugaban matasa, ma'aikacin gwamnati mai ƙamshin turare. Sau biyu yana neman Keziya, sau biyu tana ce masa ya yi haƙuri.

"Sista Keziya, na yi tunani," ya ce da murmushi. "Bana Brother Dallatu zai yi Mai Fitila. Make everybody see say ya canza, kowa ya gani da idonsa."

"Da gaske, Brother Fortune? Allah ya saka da alheri!"

"Ba komai. Kawo kwandon duwatsu, ni zan ajiye a ofis. Kin gaji, abeg."

Ta miƙa masa har da godiya. Mai soyayya kenan, kowa ya yi wa nata murmushi sai ta ɗauke shi ɗan'uwa.

Asabar ta zo da hadari sama-sama, amma ruwa bai sauka ba. Aka fito da bencina waje. Maƙwabta suka cika harabar, har matan Fulanin da ke kawo nono suka sauke ƙorai suka tsaya kallo. Zumuntar mata sun sha anko, sun rungume tulunansu na kiɗa.

A bayan labule Dallatu ya tsaya cikin farar riga, fitilar ƙwai a hannu.

"Kezi, tsoro nake ji. Kar in manta maganata."

"Ba za ka manta ba, hasken idona. Gobe i yanzu ka fito daga ruwan baftisma."

"Jibi kuma?"

"Jibi ka fara neman kuɗin akwati, malam!"

Ya yi dariya. Yara suka kaure da faɗa a kan wurin zama, ta ruga raba su.

Wasa ya yi nisa. Mai Fitila ya durƙusa a bakin rijiyar kwali, samari takwas suka kewaye shi, Abraham a gaba. Kiɗa ya ɗauka. Duwatsu suka fara sauka, fuf, fuf, yara na tsalle suna nuna wanda suka dunƙula.

Sai ta ji wani sauti daban.

Ƙum!

Dallatu ya dafe haƙarƙari.

Ƙum!

Kansa ya yi baya. Ja ya ɓalle daga goshinsa, ya wanke fuskar, ya gangaro kan farar riga. Jama'a suka ɗau tafi.

"Kai, bana zoɓon ya ji!" wata tsohuwa ta ce.

Keziya ta sa hannu a aljihun siket ɗinta don ciro hankici, sai ta taɓo abu mai sanyi, mai laushi.

Ƙullin zoɓon.

Ta manta ba ta ba shi ba.

"Ku tsaya! Jini ne! Wayyo Allah, jini ne!"

Ina! Tuluna da guɗa sun haɗiye muryarta. Ta kutsa cikin mutane tana ture benci, sai ga Fortune ya tare ta, ya riƙe mata dantse.

"Sista, kar ki ɓata wasa mana..."

Ta gantsara masa cizo a hannu har sai da ta ji gishirin jini, ya sake ta da ihu.

Kafin ta kai, na uku ya sauka a idon Dallatu na hagu. Takardar ta yage, dutsen ya gangara gabansa tsirara, baƙin dutsen kwari irin na aikin titi.

Kiɗa ya mutu.

Dallatu ya sa hannu ya ɗauki dutsen. Ya miƙe tsaye. Fuskar da Keziya ta gani ba ta masoyinta ba ce, ta Kuran Zuba ce, wadda take jin labari. Samarin suka watse, saura Abraham, taku uku tsakaninsu.

"Yawwa!" Abraham ya buɗe ƙirji. "Jefa! Nuna musu kai wane ne!"

"Dallatu..." Keziya ta kira shi, bai waiwayo ba.

Ya yi taku ɗaya. Ya yi na biyu. Hannunsa ya ɗaga...

Sai ya kamo hannun daman Abraham, ya buɗe yatsun nan uku, ya ɗora dutsen a ciki.

"Biyu na cire maka, Yaya. Ban da abin da zan biya ka da shi." Jini na shiga bakinsa yana magana. "Jefa har ka huce. Ba zan kauce ba... kuma ba zan rama ba."

Ya koma ya durƙusa.

Abraham ya ɗaga dutsen sama. Keziya ta ruga ta rungume kan Dallatu, ta ba yayanta baya.

"Fara da ni, Yaya!"

"Abraham."

Baba Filibus ne, cikin rawanin sarkin wasa. Ya karɓe dutsen daga hannun ɗansa, ya jinjina nauyinsa. Ya je ga kwandon, ya riƙa ɗaga na ciki ɗaya bayan ɗaya yana yage takarda. Huɗu ya ƙara samu.

"Wa ya ajiye kwandon nan?"

Aka waiga neman Fortune. Sai ƙurar motarsa a bakin ƙofa.

Baba ya gane da ɗansa aka ƙulla, ya juyo ya ɗauke shi da mari, irin wanda bai taɓa yi masa ba tun yana yaro. Sannan ya warware rawanin, tsoho mai shekara saba'in, ya zube gwiwa biyu a cikin jinin da ke ƙasa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan durƙuson a wasa, yau ne kawai ba wanda ya tafa.

"Ɗana," ya ce wa Dallatu, "shekara guda ina jiran ka faɗi. Ashe a gidana mai faɗuwar yake. Ka yafe mini."

Dallatu ya buɗe baki zai amsa, sai ya sulale a jikin Keziya.

Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti. Haƙarƙari biyu sun tsage, goshi ya sha ɗinki. Idon kuwa likita ya girgiza kai kawai. Da aka zo maganar ƴan sanda, Dallatu ya ce shi bai da ƙara.

"Kezi, za ki iya da mai ido ɗaya?" ya tambaye ta ranar da aka sallame shi.

"Da ɗayan ma kallona kake har in ji kunya. Biyun ai sun yi min yawa."

Ya yi dariya, haƙarƙarin ya hana shi ƙarasawa, ita kuma hawaye ya hana ta.

Sai tsakiyar Satumba aka yi baftismar, da sassafe a rafin bayan layin dogo. Baba Filibus da kansa ya riƙe masa tawul. Da aka dawo sujada, Fasto ya kira Dallatu ya zaunar da shi a layin gaba. A bencin baya kuwa mutum ɗaya ne zaune, kansa a ƙasa. Fortune tun ranar ba a sake ganinsa ba.

Fasto ya buɗe takarda.

"Ina sanar da niyyar aure tsakanin ɗan'uwa Dallatu da ƴar'uwa Keziya Filibus. Wannan ne karo na farko. In akwai mai dalilin da zai hana, ya faɗa yanzu."

Ya ɗago kai ya dubi jama'a.

Sai aka ji benci ya yi ƙara a baya. Hannu ya ɗaga, mai yatsu uku.

Keziya ta waiga. Ta damƙe gefen zaninta.

"Ba hanawa zan yi ba, Fasto," Abraham ya ce, bai ɗago ba. "Tambaya ce... Idon. Zai dawo?"

Dallatu ya miƙe, ya juya.

"Ba zai dawo ba, Yaya."

Abraham ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa suka fara girgiza. Kuka yake irin na manya, marar sauti.

Dallatu ya bar layin gaban da ya shekara yana hange. Ya bi tsakiyar coci a hankali, dafe da haƙarƙari, har bencin horo.

"Matsa min, Yaya. Na san bencin nan, ƙafarsa ɗaya gajera ce. In mutum ɗaya ne yana rawa."

Abraham ya matsa.

Keziya ta dubi Baba. Tsohon ya gyaɗa mata kai, idonsa jawur. Ta ɗauki jakarta ta bi su, ta zauna a tsakiya, ta kama hannun Dallatu da damanta, ta laluɓo yatsun nan uku da hagunta.

Ba su ƙwace ba.