Gidan da Aka Share da Layi Ɗaya

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi ana dab da kiran magariba, Gwaggo na tsakar gida tana kwashe shanya. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta yi musu faɗa ta kan katanga. Ba wanda ya amsa. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya, sai ta lura duk wuri ɗaya suke sauka: kan ɗakin ajiya da ke ƙarshen gidan, inda ƙanenta ya ajiye kwamfutarsa.

Ƙanen nata mai gyaran kwamfuta ne, ana kiransa Injiniya. A ɗakin nan, tsakanin tsofaffin akwatuna da keken ɗinkin matarsa marigayiya, akwai wata kwamfuta da ba a kashewa. Ita ce sabar wasansu, wurin da 'yan wasa ke haɗuwa kowa daga gidansa. Wasan na gine-gine ne, mutum ya sari itace, ya haƙo dutse, ya gina abin da ya ga dama. Duk sanda zai tayar da sabar, sai ya buɗe baƙin allo ya rubuta layi ɗaya na umarni: sunan duniyar da za a ɗauko daga ajiya, yawan waɗanda za su iya shiga, lambar ƙofar da za su biyo, da kalmar sirri. Shekara huɗu layin nan bai canza ba. Su shida ne: shi, matarsa, 'yarsu Shalele, da abokansa uku.

Matar ta gina gida mai hawa biyu a bakin wani tafki na cikin wasan. Da ciwo ya kwantar da ita, daga kan gado take gini, har ta rasu ba ta rufa benen ba. Bayan rasuwarta Shalele, mai shekara goma sha shida, takan shiga kullum in ta dawo makaranta. Ba ta taɓa komai. Hawa take yi ta zauna a ɗakin da ba rufi, sai an kira ta cin abinci.

Wata takwas ana haka, ranar nan uban ya zaunar da ita ya ce faifan ajiya ya ƙone, duniyar ta tafi da duk abin da ke cikinta. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, yana riƙe da kanta yana ba ta haƙuri. Kwana tara bayan nan aka fara jifan.

Kullum rana ta yi ja, sai duwatsu. Injiniya ya hau rufin ya duba, bai samu ko tsakuwa ɗaya ba. Daga nan Gwaggo ta fara jin murya a ɗakin, ƙasa-ƙasa kamar ta tsoho, tana ƙirga daga ɗaya zuwa shida, ta yi shiru, ta sake farawa. Ƙanenta ya ce fankar kwamfutar ce ta tsufa. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin fankar da ta yi makaranta ba. Bai yi dariya ba, shi kansa ya daina shiga ɗakin in duhu ya fara.

A rana ta bakwai da fara jifan suka iske Shalele tsaye a ƙofar ɗakin ba takalmi, goshinta manne da katako. Gwaggo ta dafa kafaɗarta, ta ji jikin sanyi ƙalau. Yarinyar ta juyo a hankali, muryar da ta fito daga bakinta ba tata ba ce.

"Ina gidana?"

Washegari da la'asar Gwaggo ta zo da wani malami, dattijo marar yawan magana. Ya sa aka kwantar da yarinyar kan tabarma aka lulluɓe ta, ya zauna daidai kanta ya fara karatu. Ya jima yana yi, inuwar katanga na cinye tsakar gida. Sai yatsun yarinyar suka ƙanƙame, ta yi wani nishi mai nauyi. Malam ya tambaya wane ne, me ya kawo shi.

Muryar ta ce shi tsoho ne cikin aljanu, bai taɓa shiga gidan da ke da mai shi ba. Kufai ya samu a bakin tafki, matar gidan ta tafi, ya zauna. Yarinyar takan zo, ya matsa mata wuri, bai taɓa ko tsorata ta ba. Sai ga shi rana ɗaya an rushe gidan a kansa, an buɗe ƙofa, baƙi arba'in suna tattaka wurin. Malam ya ce an gaya masa faifai ne ya ƙone. Dariya ta fito daga ƙarƙashin zanen, busasshiya.

"Ubanta da hannunsa ya yi. Ina tsaye a bayansa. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, sannan ya danna."

Malam ya ɗago ya dubi Injiniya. Ya ce ba a kafa hujja da maganar aljani, yawancinsu maƙaryata ne, amma yana son ya ji daga bakinsa. Injiniya ya daɗe yana kallon zanen da aka lulluɓe 'yarsa da shi.

"Ƙarya yake yi, Malam."

"To," in ji muryar. "Mu ne ake kira maƙaryata."

Aka shiga ciniki. Aljanin ya ce a bar masa jikin yarinyar a madadin gidansa. Malam ya ce ba bashin da yake bin ta, ya ɗaga karatu har jikin ya fara rawa. Aljanin ya ce to a ba shi ɗakin ajiya. Malam ya ƙi. Daga ƙarshe aljanin ya roƙa a kashe na'urar, don kada ya fita yana jin takun baƙi. Injiniya ya tashi da sauri ya cire wayar wutar. Aljanin ya yi rantsuwa ba zai dawo ba, ya ƙara da cewa ko ba a kore shi ba, gidan nan ba wurin zama ba ne. Ƙafar hagu ta Shalele ta miƙe, ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido tana neman ruwa.

Jifa ya tsaya. Shalele ba ta tuna komai ba. Amma kwana huɗu bayan nan ta tsare Gwaggo a kicin ta ce sai ta faɗa mata abin da aka yi da bakinta. Gwaggo ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa mata duka.

Uban ya dawo daga shago ya tarar da ɗakin ajiya a buɗe, kwamfutar a kunne. Na'urar na riƙe da tarihin duk umarnin da aka taɓa ba ta, da rana da sa'a, kuma yarinyar ta binciko. Ba ta juyo ba, ta karanta masa layin gaɓa-gaɓa. Share tsohuwar duniya. Kada a ajiye kwafi. 'Yan wasa arba'in. Babu kalmar sirri. Faifan da aka ce ya ƙone shi ne ke juyawa a gabansu.

Ya zauna kan akwati. Ya ce ya kasa jure ganin benen nan ba rufi, ya kasa jure ganin ta zaune a ciki. Abokansa kuma sun dame shi a buɗe sabar ga jama'a, tsohuwar duniyar ta yi wa na'urar nauyi. Shi kansa bai san wanne ne ya fi tura shi ba.

"Baba, ka riƙe kaina ina kuka," in ji ta. "Kana sane."



Ba ta yi masa rashin kunya ba, ko a ranar ko bayanta. Tana gaishe shi da safe, tana kai masa abinci, in ya aike ta ta je. Abu ɗaya ne ya canza. Duk abin da ya faɗa mata, ko da cewa ya yi hadari ya taso a kwashe kaya, sai ta fara duban fuskar Gwaggo tukuna.