Da Aka Kashe Inji

An fasa auren Hidaya da Mubashir ana saura 'yan makonni a ɗaura shi a unguwar Nima da ke Accra. Amarya ce da kanta ta nemi a mayar da goron. Abin ya faro ne a cikin kwalekwale, a tekun Dixcove, wata Asabar ta watan Satumba.

Hidaya tela ce. Mubashir yana gyaran waya a Maamobi. Mahaifinta, Alhaji Mumuni, ya daɗe yana ƙin maganarsu, don ya ji cewa saurayin na cikin masu shirin bi ta Libiya su tsallaka Turai. Sai da Mubashir ya rantse a gabansa cewa ya bar zancen, sannan ya amince.

Mubashir ne ya kawo shawarar su je hutu su kalli kifin wel, ƙaton kifin teku, wanda ke zuwa gaɓar yamma a wannan lokacin na shekara. Aka haɗa su da Anti Memuna, ƙanwar mahaifiyarta. A tashar mota sai ga Jalilu da jaka, abokinsa da aka taɓa dawo da shi daga Tripoli. Hidaya ba ta so hakan ba.

Da suka isa Dixcove, Anti Memuna ta ga igiyar ruwa, ta ce ita kam a kan yashi za ta jira su.

Tun da suka bar gaɓa Hidaya ta lura da wani abu. Kifayen dolfin suka biyo gefen kwalekwalen suna tsalle, ta kira Mubashir ya gani, bai juyo ba. Yana can baya wajen matuƙin, wani dattijon Fante, yana tambayarsa yadda mai ke ƙarewa da abin da ake yi in ruwa ya shigo. Mubashir ya yi amai, ya goge baki, ya miƙe tsaye da gangan. Jalilu yana ta yi masa magana da ƙarfi, ƙarar inji na danne muryarsa.

Can sai wani baƙin doro ya ɓullo, ya fi kwalekwalen tsawo, ya fesa ruwa sama. Matuƙin ya kashe inji nan take, kamar yadda suke yi don kada a firgita kifin.

Jalilu bai ankara ba, ya ci gaba da magana.

"...ka ga ka jure. Kwalekwalen can na roba ne, mutum a kan mutum, amma wallahi abokina, za ka iya."

Ba wanda ya motsa. Kifin ya sake numfasawa kusa da su.

"Gwaji ka kawo ni?" in ji Hidaya, tana kallon Mubashir.

"Habibti, saurara..."

"Yaushe?"

Ya dubi Jalilu, ya sunkuyar da kai. Ya ce bayan biki. Ya ce don ita zai yi, in ya samu takardu zai aiko ta zo ta jirgin sama. Ya roƙe ta kada Baba ya ji.

"Wato in zauna a ɗakin uwarka ina jiran a kira ni in gane gawa."

"Ina son ki, Hidaya."

"Na sani. To, faɗa min ba za ka je ba. A nan, yanzu."

Matuƙin ya tambaya ko ya tayar da inji. Ta ɗaga masa hannu ya dakata. Ta jira har kifin ya ɗaga wutsiya ya nutse. Mubashir ya kawar da kai, ya ƙi yin alkawarin.

Da suka dawo Accra ba ta tsaya cire takalmi a ɗakinta ba, ta wuce wajen mahaifinta. Alhaji Mumuni ya saurare ta har ta gama, ya tambaye ta sau ɗaya ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata, sannan ta yi kuka.

Shagon Mubashir yana rufe tun makon jiya. Mahaifiyarsa ta ce ya tafi Kumasi saro kaya. Hanyar arewa ma, wadda masu zuwa Libiya ke ɗauka, ta Kumasi take bi, kuma wayarsa ba ta shiga.